Wa Zai Kai Ɗankwali Duniyar Allo?

A hutun ƙaramar Sallar da ta wuce na je gida Madarunfa. Ranar jajibere da la'asar ƙanwata tana zaune a tabarma, ƙafafunta a ƙunshe cikin lalle, ba ta da halin tashi, sai ta ɗauki wayata tana rage lokaci. Akwai wata manhaja da ita da ƙawayenta suke shiga, inda kowace yarinya take ƙera wata ƴar siffa da za ta tsaya a madadinta, ta zaɓa mata launin fata da gashi da sutura, sa'annan ta kai ta dandali ta gaisa da siffofin sauran. Burinta ran nan shi ne ta yi wa tata siffar irin kwalliyar da ita kanta za ta yi washegari, wato riga da zane na atamfa, da ɗankwali da gyale, da ƴan kunne da awarwaro. Ta daɗe tana lalube a rumbun tufafin manhajar. Ta rubuta "ɗankwali" a gurbin nema, bai fito da komai ba. Ta rubuta "kallabi", nan ma shiru. Daga ƙarshe ta haƙura da wata doguwar riga mai walƙiya da wani ƙyalle da aka naɗe kai da shi irin naɗin da ban taɓa gani a ƙasar Maraɗi ba.

Kakarmu ta leƙo allon, ta ƙura masa ido, ta ce, "Ke kishiya, wagga ɗiyar wa ta?" Ƙanwata ta ce, "Ni ce mana, Inna." Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke? To wa ya kwashe miki kaya?"

Mun yi dariya, amma tambayar ta biyo ni har makaranta. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, babu wanda ya kwashe mata kaya. Kayan ne ba su isa can ba, kuma babban abin da ya hana su isa shi ne sunayensu ba su riga su zuwa ba. Wannan kuwa aikinmu ne, mu ɗaliban kimiyyar harshe, kafin ya zama aikin tela ko na masanin kwamfuta.

Kasuwar da babu zare a cikinta

Abin da nake kira duniyar allo shi ne duk wani dandali na intanet da mutum yake shiga da wata siffa da ke wakiltarsa, ya yi yawo, ya yi hira, ya yi wasa ko ciniki. Abin ya daɗe. Kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe Second Life a 2003, ya kuma bar wa mazauna dandalin haƙƙin mallakar abin da suka ƙera, har da damar sayar da shi da kuɗin cikin gida da ake iya canzawa zuwa dala. Daga nan aka sami mutanen da sana'arsu ita ce ɗinka riguna da ƙera sarƙoƙi da ƴan kunne waɗanda ba a taɓa su da hannu. IMVU ya biyo baya a 2004, Roblox a 2006, Zepeto na Koriya ta Kudu a 2018. Wasannin harbi irin su Free Fire, da samarinmu suke kwana a kai a rumfunan cajin waya, kyauta ake shigarsu, kuma sayar da sutura da kayan ado na cikin wasa yana daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu.

Domin a gane girman al'amarin, a watan Mayu na 2021 kamfanin Gucci ya baje kolin kayansa a Roblox, aka sayar da wata jakar hannu ta allo, wani ya sake sayar da ita a kan abin da ya haura dala 4,000, wato sama da sefa miliyan biyu, kuɗin da ya zarce na jakar ta gaskiya a kanti. Mai hankali yana iya cewa wannan wauta ce, ba kuwa zan yi masa musu ba. Abin da ya dame ni shi ne wata kasuwar ado ta kafu, yaranmu sun riga sun shige ta a matsayin masu saye, alhali su jikokin mutanen da suka tufatar da rabin Afirka ta Yamma ne. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, saƙa da rini ya tarar su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai tufafinsa har Tumbuktu da ƙetaren Sahara.

Suna kafin zare

A kasuwar Madarunfa mace ba ta buƙatar sanin sunan abin da take so. Tana iya nuna shi da yatsa, ta shafa shi, ta ce a ba ta irin na wance. A kasuwar allo babu wannan. Kowace tufa tana zaune ne a ƙarƙashin wani suna da wasu kalmomin nema da mai ƙera ta ya liƙa mata, kuma abin da ba a rubuta sunansa ba tamkar babu shi ne. Mai ƙerawa shi ma yana duba abin da jama'a suke nema ne kafin ya ɓata lokacinsa. Idan ba a neman ɗankwali ba za a ƙera shi ba, idan ba a ƙera shi ba yarinya za ta daina nemansa, ta koyi sunan abin da ta samu.

Mu dubi babbar riga. Mai jin Ingilishi ya fi saninta da sunanta na Yarabanci, agbada. Mai jin Faransanci yana kiranta boubou, kalmar da aka aro daga harshen Wolof na Senegal. Saboda haka ɗan ƙasar waje da ya so ya ƙera ta domin kasuwar allo da ɗayan waɗannan sunaye zai sa mata, ko kuma ya haɗa ta da dukan tufafin nahiyar ya kira su "kayan Afirka". A cikin wannan buhu guda za a zuba gare da saƙi da tsamiya da barage da malum-malum, waɗanda kowane tsohon dillalin riguna zai bambance su tun daga nesa. Aikin allura da ke ƙirjin rigar kuwa, aska biyu ne ko aska takwas, ina tambari ina dagi, duk zai zama "zane mai kyau" kawai.

Akwai misalin da ya kamata ya tsaya mana a rai. Rigar nan da Baƙaƙen Amurka suka yi yayi a ƙarshen shekarun 1960, wadda duniya ta sani da dashiki, ƙamusoshin Ingilishi suna mayar da sunanta ga Yarabanci, daga can kuma su mayar da shi ga Hausa, wato "ɗan ciki", ƴar rigar da ake sawa a ƙarƙashin babba. Kalmarmu ta yi tafiya har Harlem, ta yi suna, amma ta isa can ba tare da mu ba. Yau yaron Maraɗi zai iya ganin kalmar a allo bai san daga ɗakin kakansa ta fita ba.

Ko da sunan ya isa, akwai matsalar rubutu, wadda mu muka fi kowa saninta. Abin da mu a Nijar muke rubutawa "ƴan kunne", ɗan'uwanmu na Jibiya, da ke ƙetaren iyakar Ɗan Isa, yana rubuta shi "'yan kunne", mai gaggawa kuma ya rubuta "yan kunne". Ɗankwali yakan zama "dankwali" a wayar da ba ta da baƙaƙe masu lanƙwasa. Ga kuma bambancin karin harshe: wata ta ce kallabi, wata adiko, wata fatala, a bakin wasu tsofaffinmu kuma hwatala. A kunnen Bahaushe duk sananne ne. Injin nema kuwa, matuƙar ba a koya masa ba, kalmomi ne daban-daban da ba su san juna ba. Wanda zai koya masa shi ne wanda ya san ƙa'idojin rubutun ƙasashen biyu, ya kuma san karin Katsinanci da Gobiranci da Kananci.

Abin da aikatau yake ɗauke da shi

A mafi yawan waɗannan dandali maɓalli guda ne ake dannawa a sa wa siffa kowane irin kaya, ko hula ko takalmi ko takobi. Hausa ba ta yarda da haka ba. Ana sa riga, a ɗaura zane, a yafa mayafi, a naɗa rawani, a kafa hula, a rataya laya, a zura zobe, a ƙunsa lalle, a zizara kwalli, wadda ta wuce gona da iri kuma a ce ta rambaɗa shi. Kowane aikatau a nan yana bayyana motsin hannu da yadda tufar take zama a jiki. Wanda yake so ya ƙera zane a allo bai san cewa ɗaura shi ake yi ba, siket zai ƙera. Wanda bai san bambancin yafawa da lulluɓi ba zai haɗa gyalen budurwa da lulluɓin dattijuwa.

Wasu daga cikin kalmomin ma sun wuce maganar tufa. Aikatau ɗin "naɗa" shi ne dai wanda muke amfani da shi a naɗin sarauta, kuma idan aka ce an tuɓe wa wane rawani kowa ya san ba zafi ne ya dame shi ba. A masarautu da dama rawani mai kunne biyu na sarki ne da ƴaƴan gidan sarauta. Alkyabba tufar sarakuna ce da manyan malamai, ko da yake a wasu wurare amarya takan sa ta ran biki. Amawali yana da lokacin da ake ja shi a rufe baki. A ƙasar da Sarkin Katsinan Maraɗi yake hawan Salla, waɗannan abubuwa ba su zama tarihi ba tukuna. Idan rawani ya shiga kasuwar allo ba tare da wannan bayani ba, zai zama ƙyallen da kowa zai saya ya ɗora wa siffarsa a filin harbi. Ba na cewa a hana. Ina cewa gara ya shiga da bayaninsa, mai sa shi ya san abin da ya sa.

Haka sunayen kwalliyar mata suke ɗauke da labari. Harɗaɗɗen suna irin "ture-ka-ga-tsiya", wanda aka raɗa wa wani salon ɗaurin kallabi, jimla ce sukutum da aka mayar suna, da barkwancinta da gargaɗinta. Jigida da murjani da tsakiya da munduwa da ƙarau kowanne yana da inda ake sa shi da shekarun mai sa shi, akwai kuma wanda ba a yi shi domin idon jama'a ba. Doka da shuku da kalaba kowanne da zamaninsa. Babu kamfanin da ke San Francisco ko Seoul da zai san wannan idan ba mu rubuta ba.

Kada a ɗauka ina kiran a tsarkake harshe daga baƙin kalmomi. Rumbun tufafin Bahaushe cike yake da aro tun fil azal. Alkyabba da jabba da murjani daga Larabci suka zo, tozali daga Buzanci, leshi da yadi daga Ingilishi. Mun karɓe su, mun sa musu karin sautinmu da jam'inmu, sun zama namu. Idan samari suna kiran suturar wasa "sikin", wataƙila kalmar ta zauna, kuma babu laifi. Aron da nake tsoro shi ne wanda yake zuwa saboda namu ba ya nan, domin Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ita kanta siffar da ake yi wa adon tana buƙatar suna. Kalmar da duniya take amfani da ita, abata, asalinta daga harshen Sanskrit na Indiya ne. Na ji masu cewa "ƴar tsana", kuma akwai hikima a ciki, tunda ƴan matanmu sun daɗe suna tsintar ƙyallaye a shagon tela suna yi wa ƴar tsana sutura. Sai dai saurayi ba zai yarda a kira tasa haka ba. "Mutum-mutumi" kuma yana tuna wa manomi abin korar tsuntsaye. Ni na fi karkata ga "wakili", domin aikinsa ke nan, ya tsaya a inda mai shi bai je da ƙafarsa ba. Ina fatan wani ya kawo wadda ta fi ta a fitowa ta gaba.

Masu cewa ba wannan ne a gabanmu ba

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini a ɗakin kwanan ɗalibai. Na farko, yankin da yake fama da ɓarayin daji a bakin iyaka, da ɗaukewar wuta, da tsadar hatsi, ina shi ina rigar da ba ta maganin sanyi? Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda yake da dangi a Gabi ko Ɗan Isa ba zai raina ta ba. Amsata ita ce, aikin da nake kira a yi ba ya cin kuɗin gero. Littafin rubutu ne da waya da ƙafa. Kuma ko da babu duniyar allo gaba ɗaya, aikin ya wajaba, domin masaƙa da marina da maɗinkan hannu suna ƙarewa, kowane tsoho da ya rasu cikinsu yana tafiya da kalmomin da babu su a wani littafi. Ƙamusun Bargery na 1934 yana da kalmomi kusan 39,000, cikinsu akwai sunayen tufafi da yawa da ɗalibin yau zai karanta bai san kamanninsu ba, saboda an adana kalmar ba a adana hoton ba. Kada mu bar wa na bayanmu irin wannan gado.

Na biyu, akwai masu ƙyamar abin ta fuskar addini da tarbiyya, ko saboda siffar kanta ko saboda irin shigar da ake yi mata. Hukuncin siffa na malamai ne, ba ni da ta cewa a ciki. Amma kowa ya san sutura ba ƙaramar magana ba ce a wannan yanki. Bikin nuna tufafin Afirka na FIMA, wanda Alphadi ya fara a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, da aka kawo shi Yamai a watan Nuwamba na 2000 sai da zanga-zangar adawa da shi ta kai har Maraɗi, aka yi ɓarna. Wancan biki a fili aka yi shi, ana iya ganinsa a yi magana. Wannan kuwa yana cikin aljihun yaro, a cikin ɗaki. Uban da yake gudun ɗiyarsa ta saba da shigar da ba ta gidansu ba, shi ya fi kowa buƙatar a ce akwai zane da mayafi a cikin abin da za ta zaɓa.

Na uku, wasu suna ganin ƙarfinmu bai kai mu sa manyan kamfanoni su saurare mu ba. A 2016 wata yarinya ƴar Saudiyya mai shekara 15 da take zaune a Jamus, Rayouf Alhumedhi, ta lura babu mace mai lulluɓi a cikin ƴan hotunan nan da ake sawa a saƙon waya. Ta rubuta takardar neman a ƙara ta, ta aika wa hukumar Unicode, a 2017 hoton ya fito, yau yana cikin wayar kowa. Abin da ta aika bayani ne a rubuce, mai hujja da tsari. Irin wannan rubutu shi ake koya mana a aji. Ban da haka, dandali irin Second Life da Roblox suna barin mutanen waje su ƙera kaya su sayar, saboda haka ba dole sai an jira kamfani ba.

Inda za mu fara

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu ɗauki gari guda mu gama da shi, kuma ina ba da Madarunfa, saboda kusancinta da Maraɗi da kuma zamanta mahaɗar Katsinawa da Gobirawa da Fulani da baƙin da suke zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafki. Tun 2006 tafkin da dajin da kaburburan suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO domin neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. An san darajar ruwan da ƙasar, saura abin da mutanen wurin suke sawa a jiki.

Mu rabu gida-gida a ranar kasuwa. Wasu su zauna da teloli da masu aikin allura, wasu da maƙeran farfaru masu azurfa da tagulla, wasu da dukawa, ɗalibai mata kuma su shiga cikin gidaje wurin makitsa da masu ƙunshi da tsofaffin da suke da adudu ko akwatin da ba a buɗe wa namiji. Kowace kalma a rubuta ta da karin sautinta da tsawon wasalinta, da jinsinta da jam'inta, da aikatau ɗin da take tafiya da shi, da yadda ake faɗinta a wasu kare-karen harshe, da rubutunta na Nijar da na Nijeriya. A ɗauki hoton abin gaba da baya, a naɗi muryar mai faɗin sunan, a rubuta wanda yake sa shi da lokacin da ake sa shi. Abin da masu shi suka yarda a fitar, a ɗora shi a Wikipedia ta Hausa da rumbun hotunanta, inda injunan nema suke ɗibar bayani. Abin da suka ce na cikin ɗaki ne, ya tsaya a ɗakin karatun sashe.

Sharaɗi guda nake so mu riƙe da ƙarfi, shi ne a rubuta sunan gari da na mai sana'a a jikin kowane zane, idan ya amince. Rigar hannu mai aska takwas takan ci watanni kafin a gama ta, a sayar da ita sau ɗaya. Ta allo sau ɗaya ake ƙera ta, a yi ta sayarwa ba iyaka. Idan muka baje zanen maɗinkinmu a intanet ba tare da sunansa ba, mun yi wa wani ɗan kasuwa na nesa aikin banza, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Idan kuwa da sunansa ya fita, to akwai hujja ranar da za a yi maganar haƙƙi, akwai kuma hanyar da mai son ta gaskiya zai bi ya same shi. Daga nan sai mu nemi ƴan'uwanmu na sashen kwamfuta, waɗanda suke iya aiki da manhajar zane irin Blender da ake samu kyauta, mu ba su abin da muka tara su gwada ƙera zane guda da ɗankwali guda da za su zauna a jikin wakili yadda suke zama a jikin mutum.

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan matsayi yana nufin za a nemi harshen a wuraren da ba a saba ganinsa ba, kuma allon wayar yara yana cikinsu. Ƙanwata ta ce mini in na koma hutun babbar Salla za ta sake gwadawa. Na riga na fara da abin da ke kusa: na zauna da kakarmu kwana biyu, ta buɗe mini akwatinta, na fito da sunaye goma sha bakwai da ban taɓa ji ba, uku daga ciki ban same su a ƙamusoshin da ke ɗakin karatunmu ba. Duk mai son ya ga jerin, ko ya kawo na tasa kakar mu gwama, ya same ni bayan darasin ginin kalma.